Faifan da Baba ya rataya a gonar gero

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da durƙuso har ƙasa, ina fatan wannan takarda, wadda ba ta da mai kai ta, ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Ba zan tambaye ki gajiya ba, don ina kyautata zaton yau shekara uku ke nan da kika huta da ita. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau muke. Ɗinki yana tafiya, Baban Ummi yana nan da surutunsa, takwararki Ummi kuwa ta kusa kamo ni a tsawo.

Inna, dibidi na saya. Ee, a wannan zamanin da kowa ya koma kallo a waya, ni 'yarki na shiga kasuwa na sayo na'urar kallon faifai, kuma mafi araha a cikin shagon. Na san da kina nan sai kin riƙe haɓa kin ce, “Ke dai yarinyar nan ba kya rabo da kwashe-kwashe.” To ki saurara ki ji dalili, sannan ki yanke hukunci.

Muryarki ce ta ɓace mini. Fuskarki tana nan, tafiyarki tana nan, har yadda kike karkata kai in kina tankaɗe ina gani. Maganganunki ma duk na haddace su. Amma wata safiya ina kan keke ina ɗinki, na tuna wata magana taki, sai na ji da muryata take fitowa. Na tsayar da keken, na sake gwadawa, haka dai. Na ji tsoro ƙwarai, Inna, fiye da yadda zan iya rubutawa. Ke kuma ba ki bar mana komai a waya ba. Duk wanda ya ɗaga waya a gabanki sai ki ja mayafi ki ce a bar ki da tsufanki.

Sai na tuna faifan sunan Ummi. Kin tuna lokacin da na zo gida Farin Dutse wankan jego, Baban Ummi ya ɗauko mai ɗaukar bidiyo daga Gwaram don burga? Wuni guda mutumin yana bin ki kina zille masa. Ni ce 'yar fari, kunya ba za ta bar ki ki tsaya kusa da ni ko jaririyar ba, balle a ɗauke ki. Amma na san akwai wuri ɗaya da kika yi magana kusa da shi, don a wancan lokacin mun kalla mun yi dariya. Abin da kika ce ne na manta. Faifan kuma a ɗakinki na bar shi, cikin tsohuwar kwallar nan, haɗe da faya-fayan wa'azi da tarkacen finafinan da ƙanena Sabi'u ya tara kafin ya tafi neman kuɗi kudu.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Gwaram, na hau babur zuwa gida. Na buɗe kwalla na tarar da ita wayam, sai ƙura.

Baba yana zaure yana gyaran igiya. Da na tambaye shi, ko a jikinsa ya ce ai suna gona. Wai tsuntsaye sun dame shi a gero, ya ga maƙwabta suna rataya faya-fayai don walƙiyarsu tana korar jan-baki, shi kuma ga nasa a ɗaki suna zaman banza. Har da yabon kansa, wai tun da ya rataya su kusan sati uku ke nan ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

Ban san lokacin da na isa gonar ba. Gero ya yi kai ya sunkuya, ga faya-fayai ko'ina a ɗaure da zare suna juyawa a rana, suna haska ido. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Can wajen tsamiya na same shi. Rubutun da na yi a kai da hannuna, Sunan Ummi, ya koɗe saura kaɗan, ga kashin tsuntsu a gefe, ga ƙarzar kara ta ko'ina. Kin san Baba allo ya sani, ba ya karanta boko. A wurinsa duk faifai faifai ne.

Nan ne na yi abin da nake neman gafararki a kai. Ya biyo ni a baya yana haki, na juya na ce masa, “Baba, duk abin korar tsuntsun da ke duniya, sai Inna ka samu ka rataya?” Ya sa hannu ya kwance zaren da kansa, ya shiga goge faifan da bakin rigarsa mai ƙasa, yana ƙara masa ciwo bai sani ba. Na fizge na tafi ko sallama ban yi masa ba. Daga baya Gwaggo Asabe ta aiko mini cewa a ranar ya sauke sauran duka, ya koma zama a gona yana buga gwangwani da kansa, kuma tuwon ma sai ya taɓa ya ture.

Da na dawo, gidan Hajiya maƙwabciyata na fara kai faifan. Tana da babbar na'ura ta masu hali, mai sifiku har a bango. Ta haɗiye faifan, ta yi shiru kamar mai nazari, ta tofo shi. Sau uku muna mayarwa tana tofowa. Na kai wa masu tura finafinai a waya, kwamfutarsu ma ta ce ba ta san zancen ba. Mai shagon ya ɗaga shi a haske ya ce, “Hajiya, wannan ai sai dai haƙuri.” Na ƙulle shi a ɗankwali na dawo gida, kwana biyu ban taɓa keke ba.

Oga Sande ne ya cece ni. Ba ki san shi ba, wani Kirista ne mai sayar da kayan wuta a bakin kasuwa, ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Soket na je saya, faifan yana nan ƙulle a ɗankwalina, zancen ya zo. Ya juya faifan, ya yi tsaki, sannan ya hau kujera ya sauko da kwalin wani ƙaramin dibidi daga can saman kanta, ya hure ƙurar da ke kai. Ya ce, “Hajiya, manyan nan ƙyama gare su, in faifai ya yi datti kaɗan sai su ƙi. Wannan ɗan talaka ne, abin da aka ba shi yake ci.” Ya ce in wanke faifan da ruwa zalla, in share da auduga daga tsakiya zuwa baki, kada in zagaya. Ya kuma gaya mini gaskiya, cewa daga tsakiya na'ura take fara karatu ta nufi baki, nawa kuma bakin ne ya fi lalacewa, don haka farkon zai iya fitowa, ƙarshen kuwa sai Allah. Kuɗin na'urar bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ko tayi ban yi ba, abin da ban taɓa yi a kasuwa ba.

Bari in kwatanta miki ita, don masu leƙen wasiƙar nan ma su ji, kada wani ya saya ya zo yana zagina. Roba ce zalla, ba ta fi farantin shinkafa nauyi ba. Bakin da ake sa faifai yana fitowa da kansa, amma komawa sai kin taimaka masa da yatsa. Rimot ɗin ba ya ji sai kin matsa kusa, har ki rasa amfaninsa. In ta fara aiki kuma tana ƙara irin ta keken ɗinkin da ya kwana biyu bai sha mai ba.

Baban Ummi ya ce shi zai haɗa, wai aikin maza ne. Wayoyi uku ne, ruwan ɗorawa da fara da ja, kowacce da raminta a bayan talabijin. Ya gama fama ya kunna. Na'urar ta yi gurnani, ta yi gurnani, sai ga ƙofar gidanmu ta Farin Dutse a talabijin, da tabarmi a shimfiɗe. Na yi kabbara. Amma shiru, mutane suna buɗe baki ba a jin komai. Inna, na ce shi ke nan, rana ta cinye sautin, kuma shi kaɗai nake nema. Sai na leƙa baya na ga ya cusa fara da ja a ramukan da ba nasu ba. Mutumin da na shekara goma sha biyar ina aika sayen zare yana kawo mini wata kala daban, ban san me ya sa na yarda da shi ba. Ina gyarawa guɗa ta cika ɗakin.

Hoton dai ba na yabo ba ne, ba kuma na zagi ba. Ja ya yi masa yawa, kowa ya fito kamar ya tashi daga bakin murhu, leshina kore ya koma shuɗi. In mutum ya motsa da sauri sai ya bar inuwa a bayansa. Amma ana gane kowa. Na gane Gwaggo Asabe da sauran haƙoranta, na gane mata biyu da suka riga ki tafiya. Sautin ya fi hoton nesa ba kusa ba. Akwai wani ɗan zuu a ƙarƙashi da ba ya tafiya, amma magana tana fita tar, har ƙarar taɓarya daga bayan gida ana ji.

Minti kaɗan na kalla na kashe. Baban Ummi ya ce in bari mu ga ko zai kai wurin. Na ce a'a. Ban san sau nawa faifan zai yarda ya juya ba, kuma na ga bai kamata in ji ki ni kaɗai ba, alhali akwai wanda ya fi ni daɗewa da ke yana can yana buga gwangwani. Na san kasada ce. In ya tsaya a gabansa kafin ya kai gare ki, na ƙara masa nauyi ke nan a kan wanda na riga na ɗora masa. Duk da haka na aika a ɗauko shi.

Ya iso bayan azahar da farar rigarsa ta Juma'a, ya rame. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce, “Tashi, ai ni na yi ɓarna.” Ya ƙi kujera, sai tabarma. Allah ya taimake mu akwai wuta. Bayan la'asar na sa faifan, na ajiye wayata a jikin sifika tana ɗauka, na tura bakin na'urar da yatsa.

Aka wuce gaishe-gaishe, aka wuce rabon goro. Baba yana ta nuna mutane yana kiran sunayensu. Daga nan hoton ya fara tsinkewa, fuskoki suna farfashewa gida-gida. Ya tsaya cak. Na'urar ta shiga gurnani, ni kuma duk addu'ar da kika koya mini sai da na karanto. Ta yi tsalle ta wuce wurin, ta sake tsayawa, ta sake wucewa. Wallahi ban taɓa jin ƙaunar wata roba a raina ba sai ranar.

Sai ga hoton Baba a ƙofar ɗakinki, gemunsa bai gama furfura ba, an miƙa masa jaririya ya riƙe ta a tsorace, hularsa ta karkace gefe. Daidai nan hoton ya dagargaje. Abin da ya rage naki shi ne gefen zaninki da hannu ɗaya riƙe da ludayi. Fuskar ba ta fito ba, kuma ba za ta fito ba. Amma muryar ta fito, ba ko gargada:

“Malam, gyara hularka mana. Ɗaukar ka fa ake yi.”

Ashe muryarki siririya ce, Inna. Ni da nake zaton mai kauri ce, ƙila don faɗanki na fi sha. Akwai 'yar dusashewa a ƙarshenta, da dariyar da kike ɓoyewa. Tana shiga kunnena sauran maganganunki duka suka karɓi muryarsu.

Na waiga in ga ko Baba ya ji. Na tarar hannunsa biyu a kansa, ya daidaita hular tsaf, idonsa a kan talabijin. A hankali ya ce, “To, na gyara.”

Faifan ya ƙara 'yan daƙiƙu ya tsaya, bai sake wuce nan ba har yau, mu ma ba mu nemi ya wuce ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon riƙe harshena a gabansa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa.

Taki har kullum,
'yarki ta fari,
Talatu