Idan Na Fita Sun Zama Bakwai

Hajiya Kubura, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini, in da hali kafin ranar Asabar, domin tsoro ya hana ni sakat kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Ni mutumin Tasawa ne a Nijar, shekarata arba'in da takwas, goma sha ɗaya daga ciki a nan Greensboro ta Amurka na yi su. Ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito kusa da titin Wendover Avenue. Ina da mata, Sakinatou, da 'ya'ya uku. Na san za ki yi dariya in na ce maganar ƙwallo ce ta kawo ni, kuma ba ma ƙwallon da kika sani ba.

A shekarar 2003 wani Bature ɗan Ostiraliya mai suna Gregory ya zo aiki wurinmu, yana yawo da ƙwallon ƙasarsu a mota. Doguwa ce kamar ƙwai, in ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba. Ana buga ta da ƙafa, ana cafe ta a sama, in kuma za ka miƙa wa ɗan'uwanka da hannu sai ka ɗora ta a tafi ka naushe ta da ɗaya hannun. A ƙasarsu mutum goma sha takwas ne kowane gefe, filin kuwa ya fi gonar wani girma. Da farko mahaukaci muka ɗauke shi. Ba a yi wata biyu ba sai ga mu, manya da gemunmu, kowace Asabar da safe a wani filin unguwa bayan titin High Point Road muna tsalle-tsalle.

Ba mu taɓa kai ko rabin adadin da ake so ba. Gregory ya ce ba komai, mutum kaɗan a babban fili gudun banza kawai za su yi, wani sai ya yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba. Sai ya auna taku talatin nan, talatin can, ya ajiye robobi a kusurwa huɗu, ya raba mu huɗu da huɗu. Yau ya ce da hannu kaɗai za a miƙa, wani satin ya ce duk gefen da ya miƙa sau biyar a jere ba a ƙwace ba ya ci, wani satin ƙafar hagu zalla. Ba ya tara mu yana dogon bayani, cewa yake wasan da kansa zai koya mana. Kuma gaskiyarsa, mun koya. Amma fa a ɗan wannan fili babu wurin laɓewa, in ka tsaya daƙiƙa biyar kowa ya gani.

Bara ya koma ƙasarsu, ya bar mini jakar ƙwallaye da robobin da usur, tunda ni ne babba. Tun daga nan suke ce mini Baba Koci. Mu takwas ne cif, har da ni. Ki riƙe wannan lissafi, domin shi ne ya ɗaure ni.

Akwai wata Asabar da mutum ɗaya bai zo ba, muka zama bakwai. Na ce a yi uku da uku, na roƙi Moutari ya jira a gefe. Wasa ya yi daɗi na manta da shi gaba ɗaya, har muka tashi yana tsaye da hannu a aljihu. Daga nan wata biyu bai sake zuwa ba, shi kuma Moutari mutum ne da matarsa ta rasu, wannan safiyar Asabar kaɗai ke fito da shi cikin mutane. Sai da na je har gida sau uku kafin ya dawo. Ranar da ya dawo na tsaya gaban kowa na kafa doka da bakina, cewa ba wanda zai ƙara tsayawa kallo a filin nan, har ni mai usur.

To Hajiya, tun wajen watan huɗu, in wasa ya yi zafi sai in ji ƙirjina ya matse, kamar an ɗora mini buhun gero. Na ce shayi ne mai ƙarfi da nake sha, na rage. Na ce yaji ne, na bari. Bai daina ba. Dabarar da na samu ita ce in durƙusa kamar ina ɗaure igiyar takalmi, minti ɗaya ko biyu ya sake ni in miƙe. Na yi ta yi har Kader, ɗaya daga cikinmu, direban kamiyo ne wato babbar mota, mai bakin tsiya, ya kawo mini sabuwar igiya a leda gaban jama'a, wai Baba Koci tsufa ya sa bai iya ƙulli ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Ba wai ban nemi hanya ba. Na gwada komawa baya in tsaya, amma a huɗu da huɗu babu baya, mutumin da kake tsaro yana gudu dole ka bi shi. Na gwada jera su layi biyu suna buga wa juna a tsaye, ba a yi minti goma ba suka fara hamma, suna tambaya ina wasan Gregory. Na ƙara faɗin filin ina zaton za a sami sauƙi, ashe gudun na ƙara wa kaina.

Asabar da ta wuce abin ya zo da wani salo. Na yi tsalle na cafe ƙwallo, ina dira sai na ji matsin ya hau har muƙamuƙina ya sauka hannun hagu, gumi mai sanyi ya karyo mini. Na durƙusa kan takalmin kamar kullum, amma bai sake ni ba. Na kwance igiyar na ɗaure, na sake kwancewa na ɗaure, ina jin suna kirana in taso an rage mutum ɗaya. Wallahi a wannan lokacin na yi kalmar shahada a zuciyata. Ya kai minti goma kafin na iya miƙewa, na ce musu ƙafa ce ta riƙe, muka tashi da wuri. Ni na tuƙo kaina gida ta Wendover cikin cunkoson motoci, ina roƙon Allah kada abin ya dawo in hallaka 'ya'yan mutane.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa a nan ba shi ne, mahaifina yana da shekara arba'in da tara ya faɗi a gona da hauya a hannu bai sake tashi ba, ko ciwon kai bai yi ba kafin nan. Ni na fara isa wurinsa. Yanzu saura mini 'yan watanni in kai shekarunsa. Ina tsoron zuwa likita, ina da inshorar wurin aiki, ba wannan ba ne, tsoro nake ya buɗe baki ya faɗi abin da nake zato. Muddin ba a faɗa ba ina iya ce wa kaina ba komai. Wani lokacin kuma in ce ai ajali ba ya wuce lokacinsa, me likita zai ƙara mini.

Sakinatou ba ta sani ba. A hawa na uku muke, ta tambaye ni me ya sa kwanan nan nake tsayawa a tsakiyar matakala, na ce waya nake dubawa. Ta dube ni kawai ta yi shiru. In na gaya mata za ta ɓoye jakar ƙwallayen, na san halinta.

In na fita sun zama bakwai, wani zai tsaya gefe, abin da ya sami Moutari ya sake faruwa, a hankali kowa ya watse. Na yi cigiyar mutum na tara har na gaji, duk wanda na nuna wa ƙwallon sai ya ce a kira shi ranar da muka samo mai zagaye. Ni na kafa dokar, da wane ido zan karya ta? In kuma na shiga ranar Asabar, ban san ko zan fito da ƙafata ba. Ki buga wannan in kin ga dama, matata ba ta karanta shafinku. Me zan yi?

Na takwas, daga Greensboro.

Wa alaikumus salam, Malam.

Ban jira ranar fitowar shafi ba, na aiko maka wannan amsa ta imel tun ranar da wasiƙarka ta iso, domin maganarka ba ta jira ba ce. Ban yi dariya ba. Ni ba likita ba ce, amma matsin ƙirji da ke zuwa lokacin gudu, ya hau muƙamuƙi, ya sauka hannu, ga gumi mai sanyi, ga kuma yadda mahaifinka ya rasu, ba abin da ake jira da shi har Asabar ba ne. Yau za ka ga likita, ka gaya masa komai yadda ka gaya mini, har da minti goman nan. Kafin ya ba ka izini babu gudu, babu tsalle. In abin ya dawo kana zaune, ko ya zo ya ƙi saki, ka kira lambar gaggawa ta 911, kada ka kuskura ka sake kama sitiyari.

Na fahimci tsoron jin bakin likita, da yawa daga cikinmu muna da shi, musamman maza. Amma shirunka ba ya hana abin da ke ƙirjinka ci gaba da aikinsa, kai kaɗai yake rufe wa ido. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, sai dai wanda ya rubuta ajali shi ya halatta neman magani, ya kuma ba ka jikin nan amana. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai sami gargaɗi ba, kuma babu asibiti kusa da gonarsa. Kai an yi watanni ana ƙwanƙwasa maka ƙofa, ga asibiti a garinku. Irin wannan ciwo, in an kama shi da wuri, mutane da yawa suna samun sauƙi su ci gaba da rayuwarsu.

Damuwarka kan abokan wasanka ba shirme ba ce, kuma na yaba maka. Mutumin da ya je gidan Moutari sau uku ya san darajar mutane. Amma ka yi wa abin da ya faru gurguwar fahimta. Ba don kun zama bakwai Moutari ya yi fushi ba, don an manta da shi ne. Wanda ya manta da shi kuwa mai usur ne da ya shagala da wasa. Da kana gefe kana kallon agogo, da hakan bai faru ba.

Ni ko a hoto ban taɓa ganin ƙwallonku ba, don haka na tambayi wani malamin wasanni da na sani. Ya ce bakwai ba matsala ba ce ko kaɗan a irin waɗannan ƙananan wasanni. A yi huɗu da uku, masu huɗu su koyi neman wanda ba a tsare ba, masu uku su koyi rufe hanya, bayan minti uku a sauya. Ko a yi uku da uku, na bakwai ya sa riga daban ya riƙa bin duk gefen da ƙwallo take hannunsu, kowa ya ɗana wannan matsayi bi da bi. Ka ga babu wanda ya tsaya kallo. Ya ƙara da cewa mai horarwa da ke haki a tsakiyar fili ba ya ganin komai, wanda ke gefe shi ke gane wa ke tsoron ƙwallo, wa ke rowar miƙawa. Dokarka kuwa kai ka kafa ta don kada a wulaƙanta kowa, ba don a ɗauki gawarka ba. Ka tara su ka faɗi gaskiya. Ka yi tunanin Moutari, da bai gama warkewa daga rashin matarsa ba, a ce a gabansa ka faɗi. Ranar ce wasan zai mutu, ba ranar da ka koma gefe ba.

Saura Sakinatou. Ka ce ba ta sani ba, ni kuwa na ce macen da ta tambaye ka zancen matakala ta dube ka ta yi shiru ta san rabi, sauran rabin ne ke cin ta. Ka kuma ce ba ta karanta shafinmu. Malam, mutanen Tasawa nawa ne ke koyar da ƙwallon Ostiraliya a Greensboro? Maƙwabtanta suna karantawa. Gara ta ji daga bakinka. In ta ɓoye jakar, ka bar ta ta ɓoye har likita ya yi magana, haƙƙinta ne.

Saboda haka kana gama karanta wannan ka kira ta ka zaunar da ita, ka ba ta makullin mota ta kai ka asibiti. Mutum bakwai za su iya wasa babu kai a ciki, na nuna maka yadda za a yi. Mace ɗaya da yara uku a hawa na uku kuwa, in babu kai, na duba ban samo musu wata dabara ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a dace da magani, ya bar ka da iyalinka da jama'arka shekaru masu yawa.

Hajiya Kubura