Kalmar da Jikar Tsohuwa Ta Koya Maka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan randata, ɗan likitana da bai karɓi takardar gama karatu ba tukuna amma ya riga ya karɓe zuciyata.

Ka tuna ranar da ka shigo shagona ka tarar almakashi ya yi mini kanta a babban yatsa? Sai ka yanki soso, ka naɗe mariƙin da ƙyalle, ka miƙo mini kana murmushi. Ranar na gane karatun da kake yi: koya wa hannun da ciwo ya kashe yadda zai sake riƙe cokali, ya ɓalle maɓalli, ya taje gashi. Ranar kuma na sakankance cewa ni ce ta farko a layin jinyarka. Ashe akwai tsohuwa a gabana!

Ba da tsohuwar nake kishi ba, Allah ya ba ta lafiya. Tun da makaranta ta tura ka gidanta bayan ɓarin jikinta ya shanye, da bakinka ka faɗa mini ba ta jin yarenmu, kuma ba ta yarda baƙon namiji ya taɓa ta. Ka ce malamarku ta hana ku kiran wannan taurin kai, wai ku fara koyon gidan kafin ku koyar da hannun. To, ai kuwa ka koya! Ka san inda baƙo ke zama, ka san wanda ake fara gaisarwa, ka san ba a kallonta ido cikin ido. Kai da har yau kake rikita sunayen ƙannena!

Amma wa ke yi maka fassara? Wa ke lanƙwasa yatsun tsohuwar idan ka ce a lanƙwasa? Jikarta! Kai baki, ita hannu, kawunanku a sunkuye kan tafi ɗaya, ni kuwa ina nan ina taka keken ɗinki, zuciyata na tafasa kamar ruwan da aka manta a kan wuta.

Jiya ina zura zare a allura, kana zaune a shagona, sai wata kalma ta suɓuce maka, ba ta yarenmu ba, mai taushi kamar auduga. Ka ce wai ma'anarta ita ce "a hankali". Wallahi ban damu da ma'anar ba, muryar na ji, kuma ba muryar tsohuwa ka kwaikwaya ba. Na yi dariya a gabanka don kada ka gane. Kana fita na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na farke shi ina kuka.

Hasken raina, ban ce ka bar gidan ba. Ina ni ina shiga tsakanin baiwar Allah da cokalinta? Abu ɗaya nake roƙo: ka nemi izininsu ka tafi da ni. Zan rufe shago, in koyi gaisuwarsu, in zauna inda aka nuna mini, in sunkuyar da kai. In hannun mace aikin ke nema, ga nawa biyu, ba su taɓa ƙin abin da ka sa su ba. In kuwa ka fara kame-kame, kada ka wahalar da bakinka, na riga na san ba fassara kaɗai ake yi a ɗakin nan ba.

Taka ce ni ko ka kai ni ko ka bar ni, har ranar da hannuwan nan za su kasa ɗaga allura,

Telarka mai kishi.