Kunnen Umma Da Jami'o'i Biyu

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ɗinki, ya zaman kaɗaici? Ni lafiyata ƙalau a gidan Kawu, sai dai kewarki da ta hana ni sakewa. Direban motar safe na ba wannan takarda, tunda kin ce rubutun waya kamar ƙafar tururuwa yake, ba ki da lokacinsa.

Umma, albishirinki. Duka jami'o'in biyu sun ɗauke ni, kuma kowacce da tallafin karatu, ba sai kin sayar da keken ɗinkinki ba kamar yadda kike tsokanata. Ta kusa ita ce mai jan bulon nan da muke wucewa ta gabanta in za mu asibiti, tsohuwa ce mai suna, ɗalibanta galibi banki suke shiga ko su koyar. Ta nesa kuwa sai an hau jirgi an ƙetare teku. Kawu ya ce manyan kamfanonin zuba jari har cikin aji suke bin ɗalibanta, tun ba su gama ba an riga an ajiye musu kujera.

Kawu yana tafiya da ni ofishinsu in ga yadda ake aikin. Ɗaki ne mai faɗi, sanyi kamar cikin firji, kowa da kwamfuta biyu a gabansa, layuka ja da kore suna hawa suna sauka, wai farashin hannun jari ke nan. Shugabar sashensu ta bar ni na zauna gefenta. Ta nuna min yadda take karanta rahoton kamfani ta gane ƙafarsa ta fara rawa tun kafin masu shi su yarda, sannan ta ba ni wani rahoton ta ce in gwada. Na gano abu biyu, ta ce na uku ya wuce ni amma ba laifi. Umma, ranar har na manta ban ci abinci ba.

Duk da haka na gama shawara, ta kusa zan je. Tun da zazzaɓin nan ya tafi da jinki ina ƙarama, bakina kaɗai kike karantawa ba tare da kin ce a maimaita ba. Wa zai tsaya tsakaninki da masu kawo ɗinki? Wa zai raka ki wajen likita? In ina ta kusa, kullum a gida zan kwana. Ban gaya wa Kawu ba tukuna, don na san sai ya cire tabarau ya yi min huɗuba.

Ki gaishe min da maƙwabciyarmu mai kanti. Don Allah ki riƙa waiwayawa in za ki tsallaka titi.

'Yarki,
Kunnenki

*

Zuwa ga Kunnena,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida kawunki da iyalinsa. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na kai wa mai kanti ita ma ta karanta, ko ta rage min gorin ɗanta da ya iya tuƙin babbar mota. Allah ya yi miki albarka. Da babanki yana raye da yau bakinsa har kunne.

Wato ke nan kin ɗauka tunda kika tafi na zama kujera a ɗaki? To bari ki ji. Na rataya allo a bango kusa da keke, duk wadda ta kawo ɗinki ta rubuta abin da take so, wadda ba ta iya rubutu ba ta zana. Wata ta zana min hannun riga na rantse tulu ne. Ƙwan fitilar da kika haɗa da ƙararrawar ƙofa yana aiki, ana dannawa ɗakin ya haska, har yaran gidan sama sun mai da shi abin wasa, sai da na fita musu da almakashi a hannu. Kuskure ɗaya na yi, na ɗinke wa malamar makarantar nan shuɗin yadinta da baƙin zare. Ta zo tana ta buɗe baki kamar kifi a tudu, ni ko na ce mata Allah ya hutar da ni jin abin da take faɗa. Na warware na sake mata.

Maganar jami'a, ni ban san wani jari ba sai na zare da maɓalli. Amma na lura da abu guda. Layi biyu kika ba mai jan bulo, ofishin kawunki kuwa kika cika masa rabin takarda har da mantuwar abinci, ke da ba kya yafe wa tukunya. Ni na haife ki fa. Kada ki yi saurin rufe ƙofa, ki bari kawunki ya yi huɗubarsa, ko ba komai ya samu lada.

Kewa kam ina yi, ba zan ɓoye miki ba. Da yamma in na juya zan ba ki labari sai in ga kujerarki da tarin yadi a kai, sai in ba yadin labarin. Bai taɓa yi min musu ba, a nan ya fi ki.

Allah ya tsare min ke.

Ummanki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Dalilin rubuto wannan takarda shi ne batun 'yarmu.

Ta sanar da ni cewa jami'ar kusa ta zaɓa. Ba raina jami'ar nake ba, a can na yi karatu, kuma ita ta ba ni kujerar da nake kai. Amma Yaya, na daɗe a wannan aiki, na ga yadda ake jera takardun masu neman aiki. Ta wanda ya fito daga waccan jami'ar ake ɗorawa a sama, irinmu kuma mu yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka buɗe musu tun suna aji. Yarinyar nan tana da kan wannan aiki. Shugabar sashenmu, wadda ban taɓa jin ta yabi kowa ba, ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce kada mu kuskura mu ɓata ta.

Na tambaye ta dalili, ta ce tsarin karatun ta kusa ya fi dacewa da ita. Ni da ke mun san ba shi ba ne, saboda ke ne. Wa'adin ba da amsa ya matso, kuma ta nesa ba ta ajiye wa kowa gurbi zuwa baɗi. Ina roƙonki ki sake ta da bakinki, don ba ta jin maganar kowa sai taki. 'Yan shekaru ne, kamar yau za ki ga sun wuce. Idan zaman kaɗaici ne damuwar, ɗakin baƙinmu yana nan, ki dawo wurinmu da kekenki.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Zuwa ga ƙanena Mai Kwat,

Sallama da gaisuwa. Ka gaida matarka da yara. Na ga takardarka mai kama da sammacin kotu.

Wai in sake ta. Da igiya ka gan ni? Ɗakin baƙinka kuma na gode. Zuwanka na ƙarshe ka zauna kana min magana, gashin baki ya rufe leɓe, ido yana kan waya. Na yi ta gyaɗa kai har ka tafi, ban san ko gaisuwa ka yi ko zagi ba. A gidanka haka zan zauna ina gyaɗa kai kamar ƙadangare har in mutu.

Yanzu a ajiye wasa. Makon jiya na je asibiti ni kaɗai, saboda zaren da nake ta kuskurewa da kafar allura da ta daina ganuwa. Na ɗauka tabarau za a canza min. Likita ya haska idon, ya daɗe yana haskawa. Ya yi magana ta bayan takunkumin da suke rufe baki da shi, na nuna masa kunnena, sai ya jawo takarda ya rubuta. Jijiyar idon ce take mutuwa, duka biyun, daga gefe take ci tana matsowa tsakiya. Magani zai rage mata gudu, ba zai tsayar da ita ba. Na rubuta masa, zuwa yaushe? Ya juya hannu. Na sake rubutawa, wadda ta tafi jami'a bana, in ta gama ta dawo, za ta same ni ina gani? Sai kawai ya mayar wa biro murfinsa.

Ka gane, ko sai na zana maka? Da ido nake jin yarinyar nan. Ranar da ido ya tafi, muryarta ta tafi ke nan karo na biyu. Na zauna a bencin asibiti na yi kuka, ban san ko da ƙarfi na yi ba, na dai ga mutane suna waiwayowa. Ina jin tsoro, ƙanena, irin wanda ban ji ba ko lokacin da kunne ya tafi.

Amma in ta ji, ko da sarƙa ba za ka ja ta filin jirgi ba. Za ta zauna ta zama kunnena ta zama idona, ta tsufa tana jan hannuna, watarana ta tsane ni a zuci tana neman gafarar Allah. Tun ba ta kai tsawon tebur ba take tsayawa gaban likita da mai gidan haya tana juya min maganar da ta fi ƙarfin shekarunta. Yara suna wasa a waje, ita tana gefen keke tana gaya min wuyan riga nawa ake so. Ya isa haka.

Yau zan rubuta mata. Kai kuma in ka buɗe baki, ban yafe ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. A ofis na karanta takardarki, sai da na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Ni na roƙe ki ki sake ta, yanzu kuma ni nake roƙon ki bari in gaya mata. A aikinmu babban laifi ne ka bar mutum ya zuba dukiyarsa a wuri alhali ka ɓoye masa haɗarin da ka sani. Wannan kuwa ya fi dukiya. Haƙƙinta ne ta zaɓa tana sane. In ta dawo ta tarar, ni za ta fara tambaya, me zan ce mata?

Jiya ta shigo min da takardar da kika aiko mata, tana dariya tana share hawaye, wai in karanta. Na ce mura nake yi, na bar ɗakin. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba sai da izininki, amma ki sani ban yarda ba. Na samo wani likitan ido da ake yabo a nan, da zarar ta tafi zan zo in ɗauke ki, kuma a wannan ba shawararki nake nema ba.

Na aske gashin bakin.

Allah ya ba ki lafiya, Yaya.

Ƙanenki

*

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan kina lafiya. Na samu takardarki ta biyu, wadda kika ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma in na zaɓi mai jan bulo saboda ke za ki canza makullin ƙofa ki ba mai kanti ɗakina ta zuba kaya. Rubutunki ya ƙara girma, ko faɗan ne ya kumbura shi?

Na amsa wa ta nesa. Har na tura musu takardar. Kuma Umma, akwai abin da nake jin nauyin faɗa miki, ita nake so tun farko. Tun ranar da na zauna gefen matar nan zuciyata take can, in na tuno ki sai in ji kamar na yi sata. Da ba ki rubuto kin nuna min kina iya komai ke kaɗai ba, da har abada ba zan faɗa ba, kuma da na zauna ban yi ƙorafi ba.

Kada nisan ya dame ki. Akwai kiran waya mai hoto, zan saya miki mai faɗin fuska in saita miki kafin in tafi, ki riƙa ganin bakina kamar ina gabanki. Tallafin bai haɗa da jirgin zuwa hutu ba, don haka da wuya in zo gida sai na gama, amma kullum za mu yi hira har ki gaji ki kife wayar. In na fara aiki kuwa, ke zan fara ɗaukowa. Ki ga teku da idonki, ki ga benen da zan yi aiki, in hau da ke can sama ki ga gari duka a ƙarƙashinki, ki gaya min gine-ginen da aka yi wa mummunan ɗinki.

Kawu ne ban gane masa ba. Shi da ya hana ni sakat, da na gaya masa sai ya ce, "Allah ya sa alheri," ya shige ɗaki. Ya kuma aske gashin bakinsa, ya koma kamar ɗan makaranta, matarsa sai dariya take masa.

Zan zo ƙarshen wata in haɗa kaya. Me zan taho miki da shi?

'Yarki mai godiya,
Kunnenki

*

Zuwa ga Kunnena,

Wa alaikumus salam. Na yi murna, na gode wa Allah. Ba ki yi sata ba, naki kika ɗauka.

Kada ki jira ƙarshen wata, ki biyo motar jibi, kuma kada ki kawo min komai. Zan auna ki in ɗinka miki rigar sanyi. Sannan akwai wani wasa da nake so mu koya kafin ki tafi. Zan ba ki tafin hannuna, ki riƙa rubuta min magana a ciki da yatsa, harafi bayan harafi, ni kuma in rufe ido in canka. Kada ki tambaye ni amfaninsa, rigimar tsufa ce. Ki dai taho da haƙuri, kin san kaina ba ya ja da sauri kamar naki.

Allah ya kawo min ke lafiya.

Ummanki