Masu Riƙe wa Rabe Igiya

Kumbiya-Kumbiya, Gombe.
9 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga mai ɗakina, Hajiya Saudatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya mutanen Katsina? Yaya ƙafar Inna? Na ji daɗi da kika ce mai ɗori ya duba, ya ce ƙashi ya fara kamawa. Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata surukinta yana gaishe ta, kuma ta daina yunƙurin tashi ta leƙa tukunya. Miyarki ba ta taɓa kashe kowa ba, ni shaida ne.

Kin tambaye ni labarin ruwa, har kin ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar. To, famfonmu yana nan yadda kika bar shi, sai dai gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Manyan bututun nan da gwamnati ta jibge a bakin titi tun zamanin da kuɗin mai suke zuba kamar ruwan Agusta, su ma suna nan. Akuyar Jauro, mai unguwarmu, ta haihu a cikin ɗaya, 'yan biyu. An ce aikin ya tsaya ne saboda tsuke bakin aljihu. 'Yan ga-ruwa dai aljihunsu bai tsuke ba.

Majalisarmu ta ƙofar kantin Alhaji Ɗantala tana nan tana gyara ƙasa kullum bayan la'asar. Bernard, da yake tsohon akawun jirgin ƙasa ne, bashi kawai yake gani. Ya ce ƙasar da ta ciyo dala miliyan dubu a zama ɗaya, ta kashe a bukukuwa da jiragen siminti, jikokinsa na Kaltungo ne za su biya, alhali ko rawar bikin ba su gani ba. Alhaji kuwa ya ce ba bashi ba ne, baƙi ne: sun cika tasha, sun cika asibiti, sun cinye shinkafar gwamnati. Na tuna masa cewa kakansa da jaki ya zo daga Kano, nawa daga Katsina, kuma garin Gombe kansa sai da ya yi ƙaura sau biyu kafin ya zauna a nan. Ya ce matsalata ita ce na daɗe ina gadin laburare, littattafai sun shiga kaina.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Kin tuna maganar da kika jefe ni da ita a tasha, cewa da surutu yana kawo ruwa da tuni Kumbiya-Kumbiya ta yi ambaliya? Na kai ta majalisa yadda kika faɗa, ban rage gishiri ba. An yi dariya, amma maganar ta shiga. Kafin magariba mun yanke shawarar haƙa rijiyarmu. Alhaji ya ba da filinsa na gangaren kwari, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka kira Rabe mai rijiya, mahaifin Asta da ke aure a bayan masallaci. Kin san shi, dogon Bamaraɗen nan mai mita. Shi da mutanensa biyu masu ja masa ƙasa sun yi nisa, har in ya yi magana daga ƙasa sai ka ji kamar daga cikin tulu.

Na yi alkawari, Hajiya: ba za ki dawo ki tarar da randa a bushe ba.

Ki gaishe da Yaya Sa'idu da iyalinsa.

Naki,
Iro.

21 ga Janairu, 1983.

Hajiya Saudatu,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Inna. Wasiƙarki ta iso, da kilishin. Bernard ya ci rabi, ya ce in rubuta miki cewa bashi ne.

Na san kun ji sanarwar a rediyo: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. A ranar, Alhaji ya raba goro a majalisa kamar an yi masa haihuwa. Kashegari masu ja wa Rabe ƙasa suka naɗe tabarminsu suka hau motar Kano, ko sallama ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba. Tasha ta cika da mutanen Gana da Chadi, kowa da jaka a ka.

Rabe kuwa, da an yi shiru, da ba wanda zai taɓa shi. Hausarsa irin tamu ce, sallarsa irin tamu, matarsa a maƙabartar Gombe take kwance. Amma Alhaji ya je kasuwa yana cika baki, wai shi ba ya ƙin baƙi don ƙiyayya, ga shi ma mutumin Nijar ne yake haƙa masa rijiya. Lura da "masa" ɗin nan. A rumfar akwai wani jami'in shige da fice yana sayen yadi. Jiya ya zo har bakin rijiya, mutum mai ladabi, ya leƙa ya yi sallama, ya nemi takarda. Rabe ya ce lokacin da ya shigo ƙasar nan ba a ko saukar da tutar Turawa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi komai sai ko ya iya haƙa. Jami'in ya ce ya yi haƙuri, zuwa ƙarshen wata ne.

Na ja Rabe gefe na ce abin mai sauƙi ne. Zan je ofishin in ce ɗan baffana ne daga Jibiya, Alhaji ne ya ruɗe. Jauro ma ya yarda zai gyaɗa kai. Hajiya, da kin ga kallon da ya yi mini. Ya ce kakanninsa su suka riƙe Katsina kafin nawa su san hanyar kasuwarta, amma shi a Maraɗi aka yanke masa cibiya, kuma ba zai sake uba da furfura a gemu ba don a bar shi ya sha wahalar Gombe. Na ji kunya, na kuma ji haushi, don shawarar tawa mai kyau ce.

Sai dai ya ce ba zai tafi ya bar rami a buɗe ba. Rijiyar da ba ta kai ruwa ba kabari ce, yara take jira. Ya fara jin danshi a ƙasar, kuma in ya sami masu igiya zai yi ƙoƙari kafin wa'adi. Alhaji ya ce a ɗauko 'yan dako daga kasuwa, shi zai biya. Rabe ya ƙi. Ashe yana da ƙa'ida: in mutanensa ba sa nan, ba ya sauka da igiyar da ke hannun wanda ba zai sha ruwan rijiyar ba. Ɗan haya, in igiya ta ƙona masa hannu, saki yake yi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, da tumbunanmu da tabaraunmu, ya ce tun da Allah ya haɗa shi da mu, haka zai yi haƙuri.

Na ɗauki hutu a laburare. Masu karatu ba za su lura ba, dukansu biyun. Gobe da hantsi majalisa za ta koma bakin rijiya. Kada ki rubuto ki tuna mini da ciwon bayana, na riga na tuna, kuma zan je.

Naki,
Iro.

28 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga Hajiya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata Inna ta fara taka ƙafar. Ki yafe mini munin rubutun nan, yatsuna ba sa lanƙwasuwa.

Ga yadda aikin yake. An kafa gwafa biyu a bakin ramin, an gicciya gungume, igiya ta bi ta kai. Ni ne a gaba, Bernard a bayana, sai Alhaji a ƙarshe, an ɗaure masa ita a ƙugu. Rabe ne ya zaɓe shi da kansa. Ya ce ba don amana ba, don nauyi. Mu saukar da Rabe, mu jawo bokitin ƙasa, mu mayar. Ranar Lahadi Jauro ya karɓi Bernard don ya je coci.

Kada ki zaci mun daina muhawara. Rabe ma ya shiga daga ƙasa. Da Bernard ya ce a daina cin bashi ko da za a ci tuwo ba miya, sai muka ji murya daga cikin rami tana cewa mai fansho ne kaɗai ke faɗin haka. Da Alhaji ya ce in baƙi suka tafi kuɗi za su wadata, muryar ta tambaya ko baƙi ne suka sayo bututun da akuya ke haihuwa a ciki. Alhaji ya leƙa ya ce masa shi dai ya yi haƙa, siyasar ƙasa ta 'yan ƙasa ce. Rabe ya ce ai duk cikinmu ba wanda ya kai shi shiga ƙasar.

Jiya ne abin ya faru. Rabe ya kai yashi mai laushi, don haka ya bar igiyar ɗaure a ƙirjinsa yana aiki. Alhaji yana tsakiyar bayanin yadda za a gina sabon babban birni ba tare da ko baƙo ɗaya ba, sai muka ji wani rugugi a ƙasa, igiya ta fizge. Gefen ramin ne ya zabtare. Ni ta zare daga hannuna kamar maciji. Bernard ya faɗi a kaina. Alhaji kuwa ta ja shi a ƙasa, babbar rigarsa ta naɗe masa a wuya, har sai da ya tokare ƙafa da gindin gwafa. Ya kama igiyar da hannu biyu tana cin tafinsa, yana salati da ƙarfi, yana kiran sunan Rabe. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya kira shi da suna ba, sai dai "mutumin Faransa", yadda ake ce wa 'yan Nijar.

Muka tashi muka kama. Ihunmu ya fito da mata, Asta da Hilda matar Bernard da wasu, suka jeru a bayan Alhaji. Yashi ya riƙe Rabe har ƙugu, ga wani yana ta zubowa. Muka ja, muka ja, har na ji bayana ya yi wata ƙara da ban san yana da ita ba. Da Rabe ya ɓullo, fari fat da ƙasa, Asta ta faɗa jikinsa tana kuka. Abin da ya fara faɗa shi ne, wane ne ya saki da farko. Na ɗaga hannu. Ya ce ya sani.

An naɗe wa Alhaji hannaye biyu a asibiti, Hilda ce ma ta raka shi. Na ce a bar aikin haka, a cike ramin, rai ya fi ruwa. Rabe ya ce in koma laburare. Wandon da ya fito da shi jiƙe yake sharkaf har gwiwa, ya matse shi a gabanmu ruwa ya ɗiga. Yau da safe Alhaji ya aiko da siminti da duwatsu a ɗaure gefen. Ya zo da kansa, ya ce tun da ƙugu ake ɗaurewa ba hannu ba, a mayar masa da igiyarsa.

Ki yi mana addu'a. Ba za mu tashi daga wurin nan ba sai da ruwa.

Naki,
Iro.

31 ga Janairu, 1983.

Hajiya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ba sai na tambayi jikin Inna da nisa ba, don mai kawo miki wannan takarda zai gani da idonsa. Rabe ne. Hanyar Maraɗi ta ƙofarku ta bi.

Jiya kafin azahar idon ruwa ya ɓalle. Rabe ya ce a aiko masa da ƙwarya, ya cika, muka jawo a hankali kamar muna jawo jariri. Jauro ya ce babba ya fara sha. Rabe ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce a ba na ƙarshen igiya. Da yake hannayen Alhaji a naɗe suke, Bernard ne ya riƙe masa ƙwaryar a baki. Ya sha, ya ce da ɗan laka-laka, sannan ya juya mana baya ya daɗe yana gyaran hula.

Yau tun da safe ya sa babbar riga ya tafi ofishin shige da fice, na bi shi don kada ya ƙara ɓata abin. Ya ɗora hannayen nan a kan tebur ya yi jawabi mai tsawo. Sun saurare shi da mutunci, suka ce doka ce, ba su suka yi ta ba. Amma sun nuna mana hanya: Rabe ya je gida ya yi fasfo, mu kuma mu nema masa izinin zama a nan, da wanda zai tsaya masa. Alhaji ya ce shi ne. Ni zan yi rubuce-rubucen, ko Bauchi ne zan je, ko Ikko. Shekara da shekaru ina karanta yadda ake gyara duniya, bari in gwada da mutum ɗaya.

Kada ki ɗauka majalisa ta shiryu. A hanyar dawowa Alhaji ya ce har gobe yana goyon bayan korar baƙi, shi dai Rabe ne bai yarda baƙo ba ne. Bernard ya ce yanzu ƙasa ta sami sabon bashi, kuma wannan a Kumbiya-Kumbiya aka ci shi. Alhaji yana so a rubuta sunansa a jikin simintin. Ya makara, tun jiya mata suke cewa za su Rijiyar Rabe.

Ki ba shi tuwo mai kyau, zai ce gishiri ya yi yawa, kada ki kula. Ki roƙi Yaya Sa'idu ya sa shi a motar Jibiya. A cikin jakarsa akwai kwalba da na toshe da tsumma. Ruwanki ne, Hajiya, wanda na yi miki alkawari. Ki bar shi ya kwanta kafin ki sha, ki kuma rage wa Inna.

Rabe ya ce dole a yashe rijiyar bayan damina, kuma bai yarda kowa ya shiga masa ita ba. Igiyar tana rataye a kantin Alhaji, sama da buhunan sukari, ya hana ko a taɓa ta. Ya ce in kaka ta yi bai ga Rabe ba, da kansa zai je Maraɗi ya ɗaure shi da ita ya jawo shi gida. Na ce zan riƙe gaba, wannan karon ba zan saki ba.

Ki dawo da wuri. Randa a cike take.

Mijinki,
Iro.