Rabon Kwalekwale

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Direban motar kifi ya kawo mini bandar da ka aiko, na gode. Amma ba godiya ce ta sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro ba. Na tambaye shi jikinka, sai ya hau sosa ƙeya, wai ka rame har wando ba ya zama a ƙugunka. Nas ɗin da ke ba ka maganin ƙanjamau ma ta tare ni a hanya, ta ce ranar karɓar maganinka ta wuce, ko ƙyallinka ba ta gani ba. Kwalbar da ka tafi da ita kana sha kuwa? Kar ka yi mini ƙarya, ni na goya ka.

Taka,
Yaya

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu. Yaushe kika taɓa ganin masunci da tumbi?

To, ga gaskiya. Kifi ya ƙaurace wa gaɓarmu, mun bi shi can tsibiri, inda ko ashana sai an yi sa'a. In na ce zan zo gari karɓar magani, kafin in dawo mai kwalekwale ya sa wani a gurbina, ga samari nan jibge a bakin ruwa suna jira. Yara kuma su ci me?

Maganin ina sha, sai dai ba ni kaɗai ba. Kin tuna Dogo, abokin jan taruna, wanda ya tsamo ni shekarar da muka kife? Ashe ciwonmu ɗaya. Jirgin asibitin da ke kawo musu magani tsibiri ya daina zuwa, tasa kwalbar ta ƙare. Kin san dokar ruwa tun zamanin Baba: abin da ya shiga kwalekwale na kowa ne, kifi ko gishiri ko ruwan sha. Shi ya sa nake sa wuƙar gyaran kifi ina raba ƙwayar, shi rabi, ni rabi.

A gaida maƙwabta.
Ƙanenki

Auta,

Gaisuwar a taƙaice, don raina a ɓace yake. Kai wane irin mutum ne? Magani ka mayar tarwaɗa da za a yanka kashi-kashi? Na kai wa nas wasiƙarka, ta karanta ta riƙe baki. Ta ce rabi ba ya tsare kowa, sai ma ya koya wa cutar taurin kai, har cikakken maganin ya zo ya kasa ta. Garin ceton mutum ɗaya za ka kashe biyu.

Na durƙusa mata kan ta ba ni na Dogo, ta ce sai ya zo da kansa an duba shi, ba ta da iko. Naka ma da ƙyar ta ba ni, don ta ga ina kuka. Ga shi nan wurin direba, na rubuta sunanka a jikin kwalbar da manyan baƙi. Naka ne kai kaɗai. In ka sake rabawa ban yafe ba.

Allah ya tsare.
Yaya

Yayata,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da daɗewar amsa, hannun ne ba ya riƙe biro sosai.

Na bi maganarki. Na juya baya a cikin kwalekwale na haɗiye ƙwaya sukutum. Kwalekwale kuwa ba shi da lungu, Yaya. Dogo ya gani, ya sunkuya kamar yana ɗinkin taru. Da kunya ta ishe ni na koma ina miƙa masa rabi, sai ya ce ai shi ya warke, in sha abina. Bai sake karɓa ba. Mun binne shi a tsibirin, inda ƙasa ta ɗan yi tudu.

Ba laifinki ba ne, na rantse ban riƙe ki ba. Amma abinci ya daina wuce mini.

Dogo ya bar matarsa da jaririya a nono. Bandar kifi take yi, kuma yanzu da kifi ya yi wuya, masu kwalekwale ba sa sayar wa mace sai wadda ta ɗaga musu labulen ɗakinta. Ita ma tana da ciwon, ba ta da ko ƙwaya ɗaya. Ba ta roƙe ni ba. Jiya na kai mata ɗan kason kifina, na tarar tana shayarwa tana tari, yarinyar ta kama mini yatsa. Na dawo na wasa wuƙar.

Ki yafe mini ko kar ki yafe, duk na karɓa.
Auta

Auta,

Na yafe. Allah ya jiƙan Dogo.

Na koma wurin nas, ta ce daga wannan ba ƙari sai ta gan ka da idonta. Na san ba za ka zo ba. Ga kwalbar nan, ban rubuta sunan kowa ba. Na sa maka sabuwar reza a ciki, wuƙar nan taka tana marmashe ƙwayar.

Yayarka