Hancin Salifu

Daren Talata, a garin Tawa

Yau na fasa wa Salifu hanci a aji.

Malaminmu na Faransanci, da muke ce wa Mushe, ya ba mu wani wasan kwaikwayo mu karanta. A ciki, kowace safiya wasu mutane kan shigo gari su ɗauki mutum ɗaya su kashe ba dalili, sauran su ci gaba da shan shayinsu. Mushe ya ce ma'anarsa ba mu da iko da komai. Salifu, da muke benci ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Ai wanda aka ɗauka shi ne wawa, da ya gudu."

Yayana Hamisu bai gudu ba. A hanyar Tebaram 'yan bindiga suka sauke shi daga mota, shi kaɗai cikin fasinjoji, suka harbe shi.

Ban san lokacin da na tashi ba. Jini kawai na gani a kan littafina, Salifu yana ƙasa yana cewa, "Wallahi ban sani ba, Idi."

Na yarda bai sani ba. Gobe zan tafi gidansu in gaishe shi, amma in na ce masa na yi nadama, na yi ƙarya.