Hoton Gidan da Ba Namu Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, Ya sauƙaƙa maka wahalar aiki da zaman baƙunta. Mu dai muna nan da rai. Gwaggo ta samu sauƙin ƙafarta, Auta ta ci jarrabawa. Inna ce jikin ya ƙi, kuma saboda ita na ɗauki biro, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Ka san tun da likita ya ce ƙodarta ta gaji, ba ta da zance sai na ƙauyenmu, a kai ta ta ga ɗakin da ta haife mu da kabarin Baba. Shekara ashirin da biyu rabonmu da can, hanyar kuma ta lalace, mota ba ta bi. To, keken nan mai kaurin taya da ka aiko min, wanda na yi maka tsiya na ce ka mayar da ni ɗan makaranta, shi ya zama ƙafata. Duk Asabar nakan bi hanyoyin tsakuwa ina leƙa tsofaffin ƙauyuka, ina tambayar dattawa wa ya haƙa rijiyar nan, wa ya gina makarantar can, ina rubutawa. Na zaga na kowa, namu kaɗai nake kauce wa. Makon jiya na daure na ce bari in ɗauko mata hoto.

Yaya, awa huɗu ina taka feda. Tsakuwa na tsalle tana dukan ƙwauri, taya ta yi faci sau biyu. Na haye gadar katako, na wuce tsohon injin niƙa da rufinsa ya rufta, na san gangara ɗaya ta rage. Da na sauko sai ga shingen waya, bayansa ƙaton rami, koren ruwa kwance a ƙasansa. Ba gida, ba bishiya, ba maƙabarta. Dutsen bayan gari da muke hawa ma babu shi. Maigadin wurin ya ce masu fasa dutse ne suka tashi mutane shekara tara da suka wuce, suka cinye wurin suka yi gaba. Na tambaye shi kaburbura fa, ya ce shi dai ya ji an mayar da waɗanda ’yan’uwansu suka zo wata maƙabarta. Mu ba mu zo ba. Wallahi zama na yi a ƙasa na yi ta kuka, da furfurata da komai.

A hanyar dawowa shaiɗan ya ba ni dabara. Na tsaya a wani ƙauye, na sami gida mai kama da namu na ɗauki hotonsa. Inna ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce an gyara katangar da kyau, ta sa min albarka. Na ce shi ke nan, na sha.

Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekaranjiya ina wanke sarƙar keke a gindin taga na ji tana gaya wa Gwaggo cewa ba ta ga dutse a bayan gidan ba. Ta ce ana sake katanga, amma dutse ba ya ƙaura. Ta ce ban taɓa yi mata ƙarya ba, tunda na yi, abin da na gani ba mai faɗuwa ba ne, kuma kada a nuna min ta gane, kada in ji kunya. Tun ranar ba ta sake ambaton ƙauye ba, abinci ma sai cokali biyu. Ɗaki ɗaya muke yini, ina rufe mata tana rufe min, ko ido na kasa haɗawa da ita.

Kai ne babba. Ni kaɗai ba zan iya gaya mata abin da sakacinmu ya jawo wa kabarin Baba ba. Ka zo mu durƙusa mu biyu mu nemi gafara. Kada ka jira hutun ƙarshen shekara, likita makonni yake faɗi, ba watanni ba.

Ka gaishe min da Anti, da Dogo da ’Yar Lele, da Kawu idan kun haɗu. Gwaggo da Auta suna gaisuwa. Inna ta ga ina rubutu, ta ce in gaya maka tana nan lafiya ƙalau, kada ka tayar da hankalinka.

Ni ne ƙaninka,
Ƙarami